Ranar da Muka Daina Ɓoye Labaranmu

Mu shida ne 'yan aji biyar na sakandare a nan Kademi da muke rubuta labari a ɓoye. Wani a bayan littafin lissafi yake nasa, wata kuwa a ƙasan akwatin kayanta take binne nata. Tsoronmu ɗaya ne, kada a karanta a yi mana dariya.

Malaminmu na Hausa ne ya gano mu, ya ce mu riƙa zama da shi duk Alhamis bayan an tashi. Sharaɗinsa biyu: kowa ya tashi ya karanta shafi ɗaya da bakinsa, mai sauraro kuma sai ya faɗi abin da ya burge shi kafin ya kawo gyara.

Zaman farko bai yi daɗi ba. Muryoyi na rawa, takarda na karkarwa a hannu. Dukkanmu labarin attajirai muka rubuta, da manyan gidajen Nasarawa a Kano waɗanda ba mu taɓa shiga ba. Malam ya ce, "Yarana, ina gonar geron? Ina ranar kasuwa? Ina Inna mai daka?" Muka ji kamar mu nutse. Mutum biyu ba su dawo mako na biyu ba, har muka zaci abin ya mutu.

Sai Malam ya ba mu tarihi. Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Katsina, lokacin da ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. Da ya tashi rubuta Magana Jari Ce a Zariya, tare da East ya zauna ana duba aikin ana gyarawa. Balaraba Ramat Yakubu kuwa tun tana firamare aka cire ta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, ta zauna da marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙungiyar Raina Kama. Ashe manyan ma sai da wani ya karanta musu ya ce a sake nan.

Muka bi abokan nan biyu har gida muka dawo da su. Ɗayarsu ta rubuta labarin yarinyar da ke tallan gyaɗa tana leƙen aji ta taga. Sau huɗu ta sake shi. Ranar da ta karanta na ƙarshe, ajin ya yi tsit, har wanda ya fi kowa tsokana ya ce, "Sai me ya faru?" Yanzu burinta ta shiga Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016.

Har yau gabanmu na faɗuwa idan layi ya zo kanmu, amma muna tashi. Idan makarantarku ba ta da irin wannan zama, ku haɗu ko ku uku ne, ku sami malami ɗaya, ku fara da shafi ɗaya.