Direba a zaure yake

Motar ta iso Maraɗi cikin watan Afrilu na 2019, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfe ke ƙona hannu tun kafin azahar. Babban ɗansa ne ya sayo ta a Kwatano, ya biyo da ita ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni, ya tsayar da ita ƙofar gida, ya durƙusa ya miƙa wa tsohon makulli. Shekara 32 mahaifin ya yi yana koyarwa a makarantun firamare, daga ƙauyukan Madarunfa har cikin birni, kuma bai taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba. Takardar izinin tuƙin da ya karɓa tun yana da sauran baƙin gashi tana kwance cikin akwati.

Gilasan motar duka baƙi ne ƙirin, in ban da na gaba. Ɗan ne ya sa aka liƙa musu leda kafin ya taso. "Baba, saboda rana ne," in ji shi. "Kuma ka san Inna ba ta son a riƙa kallonta bisa hanya."

Makonnin farko daɗi ne tsantsa. Wanda bai taɓa tuƙi a titin Maraɗi da ƙarfe biyu na rana ba, ba zai san darajar inuwa mai tafiya da mutum ba. Amma sannu a hankali tsohon ya lura da wani abu da ya ɓace masa. A da, daga gida zuwa babbar kasuwa sai ya amsa gaisuwa ta fi ashirin, don rabin magidantan unguwar sun zauna ajinsa. "Mushe, ina kwana!" daga bakin mai shayi, daga bakin ɗan kabu-kabu, daga bakin mai faci. Yanzu kuwa in ya taho sai mutane su kauce su kau da kai, irin yadda ake yi wa motar manya. A garuruwanmu baƙin gilashi ya daɗe da zama alamar mulki ko dukiya, kuma talaka ya koyi cewa ba a ƙura masa ido.

Wata rana bayan la'asar, amininsa tela, wanda suke zama tare ƙarƙashin dogon yaro shekara da shekaru, ya ce masa ba tare da ya ɗago kai daga keke ba: "Malam, jiya ka wuce mu ko hannu ba ka ɗaga ba." Alhali ya ɗaga. Har murmushi ya yi, har ya sunkuyar da kai don girmama liman da ke zaune wurin. Duk a cikin mota gaisuwar ta tsaya.

Cikin daminar wannan shekara rasuwa ta kai shi Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ta Ɗan Isa da Jibiya. Lokacin kuwa hanyar ba ta da kwanciyar hankali: a 2019 ne dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. Bayan Jibiya wani ɗan sanda ya tsayar da shi, ya sa ya sauke gilashi, ya nemi takardar izinin baƙin gilashi. Tsohon bai taɓa jin akwai irinta ba. A Nijeriya akwai doka tun 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da ta hana sa wa mota gilashi mai duhu sai da izinin ƴan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Da ɗan sandan ya ga furfura sai ya sassauta murya: "Baba, ba wulaƙanci ba ne. In mota ta nufo ni haka, ban san ko mutum ɗaya ne ciki ko biyar ba, ban san abin da ke hannunsu ba." Ya yi masa kashedi, ya sallame shi.

Malami ko ya bar alli ba ya barin tambaya. Da ya dawo gida sai ya tuntuɓi wani tsohon ɗalibinsa da ke zaune a Faransa. Ashe can ma maganar sabuwa ce: daga 1 ga Janairu 2017 ne aka wajabta cewa gilashin gaba da tagogi biyu na gefen direba da abokin zamansa su bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya ratsa. Wanda ya saɓa zai biya tarar yuro 135, wato sama da sefa 88.000, a kuma zare masa maki 3 cikin 12 na takardar tuƙinsa. A Ingila ma'aunin kashi 75 ne ga gilashin gaba, 70 ga na gefe. Indiya ta fi su tsauri, don a 2012 kotun ƙolinta ta haramta liƙa leda kowace iri a kowane gilashi. Kashi 70 ɗin nan ba shi da yalwa kamar yadda kunne ke ji, domin gilashin da ya fito daga masana'anta da ma yana riƙe wani ɓangare na haske. Ƙaramar leda kawai ta isa ta sauko da shi ƙasa da iyaka.

Ba lissafin ne ya tsaya masa a rai ba. Abin da ya tsaya masa shi ne, dokar Faransa da ta Ingila ba su hana duhunta tagogin baya ba. Sun raba mota gida biyu, kuma rabon nan ya san shi tun yana yaro. Gidan Bahaushe yana da zaure, yana da cikin gida. Cikin gida na iyali ne, ba a leƙe, kuma wanda ya leƙa shi ne marar kunya. Zaure kuwa a buɗe yake: nan maigida ke zama a gan shi, a gaishe shi, a kawo masa ƙara, a tambaye shi bashi. Maigidan da ya toshe zaurensa ba a ce masa mai sirri, ana cewa akwai abin da yake ɓoyewa. To, wanda ya riƙe sitiyari a zaure yake zaune, ko ya so ko ya ƙi, domin yana tura ƙarfe mai nauyin tan guda da wani abu a tsakanin ƴaƴan mutane. Mai tsallaka titi ba fitila yake duba ba, idon direba yake nema, ya tabbata an gan shi. Labarin zuciya a tambayi fuska. In an rufe fuskar, wa za a tambaya?

Akwai kuma bambanci tsakanin hanyoyin nan biyu na kafa iyaka, kuma ba ƙarami ba ne. Dokar da ta ce kashi 70, da ƙaramar na'ura ake auna ta, kuma na'ura ba ta san minista ba, ba ta san tela ba. Dokar da ta ce "sai da izini" kuwa tana mai da duhu gata, wanda ya san hanya ya samu. Ba mamaki da maganar ta ƙi zama a Nijeriya: a 2021 shugaban ƴan sandan ƙasar ya dakatar da ba da takardar, a 2025 aka maido da ita, ƙungiyar lauyoyi ta garzaya kotu.

Duk da haka tsohon bai taɓa ledar ba, don kyautar ɗa ce, kuma zafi gaskiya ne. Sai wani dare bayan isha'i, yana karya kwana a wata hanyar unguwa marar fitila. Ya duba hagu ta taga, bai ga komai ba, ya taka. Ihun mai shayi ne ya sa ya danne birki. Wata yarinya ƴar talla ce tsaye dab da ƙofarsa, farantin gyaɗarta ya kife cikin rairayi. Ledar da ke tare rana da tsakar rana, ita ce ke tare ɗan hasken da ya rage da dare. Ya fito hannunsa na rawa, ya tsuguna yana taya ta tsince gyaɗa, ya biya kuɗin farantin duka. Yarinyar jikar wani ɗalibinsa ce.

Da safe ya kai motar gareji, ya sa aka ɓare ledar tagogi biyu na gaba. Mai gyaran ya ba shi labarin wata leda mai haske da ke tare zafi ba tare da ta yi duhu ba, tunda kusan rabin zafin rana yana zuwa ne cikin hasken da ido ba ya gani. Amma da ya faɗi kuɗinta, tsohon ya ce a bari tukuna. Na baya kuwa ya ce kada a taɓa. Hajiya ta riga ta gaya masa: "Malam, naka ka yi yadda ka so, nawa ka bar mini."

Ɗan ya ɗan ji zafi a waya, ya ce kuɗi ya kashe. Tsohon ya ce ya sani, ya sa masa albarka, bai ƙara komai ba.

Yanzu akwai ƙaramin tawul da yake ajiyewa bisa cinya, don rana na dukan hannunsa na hagu tun daga gida har kasuwa. Tafiyar ma ta ƙara tsawo. Ranar Juma'ar farko, tun bai kai dogon yaro ba tela ya miƙe yana ɗaga hannu, da ƙullin ɗinki a hammata, yana cewa a rage masa hanya zuwa Zariya.