Gardamar Jita a Motar Kabo

Ran nan a motar Gwarzo zuwa Kabo gardama ta kaure tsakanina da wani tsohon ɗalibina kan Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar. Na ce, "Tun faifansa Anar na 2008, wanda ya ɗauka a Sakkwato, mai sanyi kamar waƙoƙin finafinanmu, bai ƙara burge ni ba. Afrique Victime na 2021 hayaniya ce zalla."

Ya ce, "Malam, mai kukan ƙasarsa ai ba ya raɗa."

Na yi shiru. Shekara goma ke nan ina maimaita salo ɗaya a rubutuna don tsoron masu karatu. Ashe in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A daren na ɗauko sabuwar takarda.