Tafiya Ba Ƙafa

Tun da na shigo wannan kwaleji ban taɓa jin kunya irin ta wata Talata ba, lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa. Na ɗebo ruwan kududdufi, na ɗiga a ƙarƙashin madubin likita, yara suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Muka yi sa'a muka ga amiba, watau halitta mai ƙwaya guda tak, tana miƙo jiki tana jan ciki. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba ta da ƙafa, ba ta da ƙashi, da me ta ke tafiya?" Ni kuwa don kada girma ya faɗi sai na ce, "Ruwa ne ke tura ta." Ta rubuta a littafinta. Wannan rubutu shi ya hana ni barci.

Kashegari na duƙufa a ɗakin karatu. Ashe yarinyar ta fi ni kusa da gaskiya da ta ambaci ƙashi. Amiba da ƙwayoyin jikinmu duk suna da wani irin ƙashi a ciki, amma na zare ne. Wani furotin mai suna aktin, wanda Straub ya gano a ƙasar Hangari a 1942, shi ke harhaɗuwa ya zama zaren. Sai an jera wajen 10,000 kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Ku dubi mutumin da zai ƙetare taɓo da damina, ga shi katakonsa kaɗan ne. Ya kan ɗauko na baya ya shimfiɗa a gaba, ya taka, ya sake ɗaukowa. Haka ƙwaya ta ke yi, tana kuwa da ma'aikata, su ma furotin ne. Arp2/3 ya kan fitar da sabon reshe daga jikin tsohon zare, rassan su yi ta tsawo suna tura fatar ƙwaya gaba. Kofilin ya kan daddatse tsohon zare a baya, furofilin ya ɗauki gutsattsarin ya miƙa su bakin gini. Integirin ya kama wurin da aka taka, sa'an nan mayosin, irin wanda ke jan tsokarmu, ya janyo bayan jiki.

To, wa ke ba da umurni? A 1992 Anne Ridley da Alan Hall, a Landan, suka nuna cewa akwai waɗansu ƙananan furotin masu kunnuwa da kashewa kamar makunnin fitila. In Rak ya kunnu sai gaba ya bazu, in Ro ya kunnu sai zare ya ɗaure a yi ja.

Kada ku ce wannan zancen kududdufi ne kawai. Da irin wannan rarrafe fararen ƙwayoyin jini ke bin sawun cuta, da shi kuma ƙwayoyin fata ke rufe bakin rauni. In tsarin ya ɓaci, da shi ne ƙwayoyin ciwon daji ke barin mazauninsu su bazu cikin jiki.

Ran Juma'a na koma ajin, na ce kowa ya soke amsar Talata, ni ne na yi kuskure. Na jera littattafai uku a ƙasa, na sa yarinyar nan ta ƙetare aji a kansu, tana ɗauko na baya tana sa wa gaba. Aka yi ta dariya, amma kowa ya gane.

'Yan'uwana malaman gobe, abin da muka faɗa yaro ke rubutawa, ya kai gida, wata rana ya koya wa wani. In tambaya ta fi ƙarfinku ku ce, "Ku ba ni zuwa gobe." Girmana bai faɗi ba ran Juma'a, ran Talata ne ya kusa faɗuwa. Allah ya sa mu dace.