Milimita shida a Umarari

Jama'ar injiniya, ku matso kusa in ba ku labarin yadda na ɓata alminiyom na kuɗin Yayana da alamar ragi guda ɗaya da ban danna ba.

Waɗanda suka san ni sun san ina shekarar ƙarshe a digiri na biyu a Jami'ar Maiduguri. Firojet ɗina yana buƙatar wani faranti na alminiyom mai huda takwas, kuma dole kowace huda ta faɗa daidai wurinta, in ba haka ba fistin da za a ɗaura ba zai zauna ba. A unguwarmu ta Umarari akwai wani bawan Allah mai ɗan injin CNC da yake sassaƙa allunan shago da ƙofofi. Oga muke ce masa. Ya yarda in yi amfani da injin da yamma, sharaɗi ɗaya: man janareto a kaina.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, injin nan makaho ne. Ka ɗaure ƙarfe a kan teburinsa, bai san inda ka ajiye shi ba. Zanen da ke cikin kwamfuta yana lissafin komai daga wata kusurwa da aka kira sifili, don haka kafin a yanka komai sai ka nuna wa injin inda kusurwar take a zahiri. A manyan masana'antu akwai na'urar da ake kira furob, tsinke ne mai ƙwallon yakutu a bakinsa, da ya taɓa jikin ƙarfe sai ya aika sigina injin ya tsaya. David McMurtry ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1972, lokacin da yake Rolls-Royce suna neman auna siraran bututun injin jirgin Concorde, daga nan aka kafa kamfanin Renishaw a 1973. Mu kuwa a shagon Oga furob ɗinmu ƙusar ƙarfe ce mai kaurin milimita 6 da waya biyu. Ɗaya a jikin ƙusar, ɗaya a jikin alminiyom. In sun haɗu, lantarki ya zagaya, injin ya tsaya. Dabarar dai ɗaya ce, kuɗin ne ya bambanta.

Na yi komai yadda aka koya mana. Na goge gefen da fayil saboda ɗan tsinin da zarto ya bari, na share ƙura, don ƙurar Maiduguri kaɗai ta isa ta hana waya kamawa. Na ba da umarnin G38.2, ƙusa ta taho daga hagu a hankali ta taɓa gefe ta tsaya. Na ja baya na sake taɓawa da gudu kaɗan, domin taɓin farko na nemo wuri ne, na biyu shi ne na awo. Har na taɓa dogon gefen a wuri biyu don in tabbatar farantin bai karkace ba. Ina ta jin kaina, yaran shago suna kallo.

To ga inda aka samu matsala. Lokacin da ƙusa ta taɓa gefe, abin da injin ya sani shi ne inda tsakiyar ƙusar take, ita kuwa tsakiyar tana milimita 3 a waje, hagu da gefen. Ke nan sai ka gaya masa cewa inda yake yanzu ragi 3 ne, ya adana a G54. Ni kuwa na rubuta 3 kawai. Wanda ya manta gaba ɗaya ya sa sifili, kuskurensa milimita 3 ne. Nawa ya ninka, ya zama 6. Hudar farko da ya kamata ta faɗa milimita 8 daga gefe sai ta faɗa a 2, bakin hudar kuma kaurinsa 6, sai ya ɓalle gefen ya fito waje. Ƙarar da na ji, wallahi har yanzu tana kunnena.

Oga ya taso ya kashe injin, ya juya farantin a hannunsa, bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ɗan jami'a, da ka gama awo, ka ce wa injin ya je sifili ka duba da idonka?” Na ce a'a Oga. Ya ce, “Ni ban san sunan lambobin nan naku ba, amma ban taɓa yanka katakon mutum ban duba ba.” Daƙiƙa goma abin yake ɗauka. Da na yi, da na ga ƙusar tsaye can a waje, babu ƙarfe a ƙarƙashinta.

Abin da ya fi cin raina, na ci jarrabawar kwas ɗin da aka yi mana wannan lissafi, da maki mai kyau ma. Ba na raina karatun allo, don shi ne ya sa na gane kuskuren cikin minti biyu, har na faɗi adadin kafin mu sa ma'auni. Amma a takarda in ka manta alamar ragi, maki biyu ake cire maka. Nan kuwa farantin guda ɗaya ne, daga Kano aka kawo shi a mota, da kuɗin da Yaya ya cire daga albashinsa. Sufabaiza kuma ya ba ni mako uku in kawo sakamakon gwaji.

Daren nan ban yi barci sosai ba, ina ta tsara yadda zan kira Yaya. Da safe na koma na sake auna farantin, sai na ga faɗinsa ya fi abin da zane yake buƙata da milimita 10, domin da gangan na sayo da rara. Ɓarnar ta tsaya a milimita 5 daga gefe. Muka aske milimita 6, aka sami sabon gefe mai tsabta, na sake nemo kusurwa. Wannan karon na sa ragi, na aika injin sifili, na duƙa har goshina ya kusa taɓa tebur.

A huda ta biyar janareto ya mutu. Mu da muka yi zaman duhun 2021 bayan an lalata turakun layin Damaturu, ɗaukewar wuta ba ta ba mu mamaki, amma gabana ya faɗi. Nan na ga amfanin G54: sifilin yana nan a ajiye ko an kashe injin, muddin ka mayar da shi gida ya taɓa makunnansa kafin awo da kuma bayan wuta ta dawo. Da G92 na yi amfani, kamar yadda wasunmu suke yi don sauri, da ya tafi tare da wutar. Duk da haka sai da na sake taɓa kusurwar, Oga yana dariya yana cewa yanzu kuma na yi yawa.

Farantin yana ɗakina, huda takwas, fistin ya zauna. Yaya bai san komai ba sai in ya karanta wannan, Yaya ka yi haƙuri. Wanda kuma yake da bakin huda mai milimita 4 da zai ara mini kafin Alhamis, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan zo Post Office in karɓa.