MAI ƊAKI YA YI TAFIYA

Wani ɗan bautar ƙasa ne ya rubuta mana manhajar da ke haɗa makin ɗalibai ta fitar da sakamako. Muka yi murna ƙwarai, gama aikin mako biyu ya koma na yini ɗaya. Shekararsa ta cika, muka yi masa rakiya, ba wanda ya tuna ya ce ya rubuta mana yadda ya gina ta.

A watan Satumba na 1921 ba mu san kwamfuta ba, amma a Satumban 2021 mun san zafinta. Muka ƙara darasi guda, sai manhajar ta birkice, na ɗaya a aji ya koma na talatin. A watan ne kuma aka katse layukan waya a Batsari da Safana saboda 'yan bindiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ga shi ya yi nisa.

Malamin da ke kula da kwamfutocinmu ya tashi daga Tsaskiya har Katsina don ya same shi a waya. Ashe yawan darussa a kulle yake cikin wani layi da shi kaɗai ya sani. Gyaran minti biyar ya ci mana mako uku.

Yanzu akwai littafi kusa da kwamfutar. Duk wanda ya taɓa ta, sai ya rubuta abin da ya canja da dalilinsa. Ɗalibai, ku riƙe wannan: aikin da ba a bayyana wa na baya ba, ba a gama shi ba tukuna.