Abin da ya hana ni nutsewa

A ƙasan tekun Pasifik, tsakanin Hawai da Meziko, a zurfin da ya haura mita 4,000, akwai wasu baƙaƙen duwatsu zube birjik, kai ka ce dunƙulen daddawa aka shanya. Manganis ne da ƙarfe, sai ɗan nikel da tagulla da kobalt. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya kwaso irinsu a tafiyarsa ta 1872 zuwa 1876. A kansu na yi digirina na uku. Aikina kullum in niƙa su, in jiƙa garin da sinadari, in tace ɗan maiƙon da ya fito.

Maiƙon nan shi ne shaida. A cikinsa ake samun hofanoyid, sinadarin da ke jikin fatar bakteriya, wanda yake daɗewa bayan mai shi ya mutu ya ruɓe. Wasu bakteriyar suna hanzarta daskarewar manganis ɗin da ya narke a ruwa. Idan ka tsaga dutsen, sau da yawa za ka tarar da haƙorin kifin shak a tsakiya, a kansa aka yi ta ɗora rufi bisa rufi, 'yan milimita kacal cikin shekara miliyan.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Lakar da ke sauka a wurin ta ninka girman dutsen sauri kusan sau dubu, ya kamata a ce tuni ta binne shi. Amma yana nan a sarari. Masana da dama na ganin ƙananan halittun ƙasan teku ne ke ɗan tura shi, suna share masa laka garin neman abincinsu.

Ina tsakiyar karatun aka datse mini tallafi, babu ko bayani. Yayata, mai ɗinkin kayan yara a zauren gidan mijinta, ita ta riƙa turo mini abin da ya samu, wani lokacin bai kai kuɗin motar mako ba. In na ce ta bari, sai ta ce, "Kai dai yi karatunka, auta." Har yau ba ta san me ake nufi da manganis ba.

A shafin godiya na kundina, farfesoshi sun cinye sakin layi biyu, ita layi ɗaya ta samu a can ƙasa. Yanzu duk ƙarshen wata, nata nake fara cirewa kafin in taɓa albashina.