Ɗibar wuta ba sallama

Bayan sallar isha'i, in ka bi ta layinmu, za ka tarar da samari uku ko huɗu jingine da katangar wani gida, kowa hasken waya a fuskarsa. Mai gidan ya sayi na'urar Wi-Fi bai sa mata lambar sirri ba, labari kuma ya zaga unguwa. Na tambayi ɗayansu ko mai gidan ya sani. Ya ce, "Baba, ai ba mu ɗauki komai ba, a iska yake yawo."

Maganarsa ta tuna mini lokacin da ake aikenmu maƙwabta ɗebo wuta a sakaina. Ko gida goma suka ɗiba, murhun mai ita ba ya mutuwa. Data kuwa a mudu ake auna wa yawancinmu ita, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mudun ya ƙara tsada. Duk bidiyon da aka kalla a gindin katangar nan daga aljihun mutum ɗaya ya fita, shi kuma yana ciki yana yi wa 'ya'yansa faɗa data ta ƙare wata bai raba ba.

A wasu ƙasashe maganar ta kai kotu. A 2005 an ci wani mutum tarar fam 500 a Landan saboda hawa intanet ɗin mutane daga bakin titi. A 2007, a jihar Mishigan ta Amurka, wani da ya saba faka mota a ƙofar shagon shan kofi yana duba saƙonninsa ya biya dala 400, ya kuma yi aikin al'umma na awa 40. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri, tunda shagon da kansa ya buɗe intanet ɗin don masu zuwa. Jamusawa ta ɗaya gefen suka duba: a 2010 babbar kotun tarayyarsu ta ce wajibi ne mai na'ura ya kulle abinsa. Dalilin yana da nauyi, domin duk ɓarnar da baƙo ya yi ta layinka, in aka bi sawu, ƙofar gidanka za a tsaya.

Ba na kallon yaran nan a matsayin ɓarayi. Akwai ɗalibi a cikinsu wanda na san karatu yake saukewa, ba shi da kuɗin data. Abin da ke damuna shi ne wayar ta sa an daina jin nauyi. Mu da muke ɗebo wuta, sai mun yi sallama a zaure, mun gaishe da matar gida, ita da hannunta take zuba mana garwashin.

Shekaranjiya na gaya wa mai gidan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To me ya hana su yi mini magana?"